A tilasta wa likitocinmu zama a gida, ko a bar mai tafiya ya tafi?

Baban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah, tunda akwai likitoci da ma'aikatan jinya a cikinmu. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci dubu 15 zuwa dubu 16 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin dubu 55 ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A cikin waɗanda suka rage ɗin ma, kaso mai tsoka yana Legas da Abuja. To mu na Arewa, balle na karkara, me ya rage mana?

Ni a ganina ƙudirin da ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson daga Legas ya kawo a 2023 yana kan hanya: duk wanda ya karanta likitanci a ƙasar nan, sai ya yi aiki shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi. Da dukiyar talaka aka gina jami'ar Zariya da ta Bayero da ta Maiduguri da ta Sakkwato. Abin da ɗalibi ke biya bai kai ko kusa da abin da ake kashewa a kansa ba. Ta yaya za mu yi shuka, mu yi noma, ranar girbi Ingila da Saudiyya su zo da buhunansu? Ban ce likitoci ba sa shan wahala ba, amma wa ke jin daɗi a ƙasar nan? Malamin firamare ma yana shan wahala, bai gudu ba.

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Malam ka riga ni a baki. Ni da za a bi tawa, shekara goma ma za a sa. Babban asibitin ƙaramar hukumarmu likita ɗaya ne, ranar da ya tafi ganin iyalinsa shikenan, sai dai a ɗauki marar lafiya a nufi birni.

Likitar_Mata:
Baban Sadiq, na gode da ka kawo maganar cikin mutunci, ni ma zan amsa maka haka. Ina cikin waɗanda ba su tafi ba, kuma ba ni da niyyar tafiya, don haka ba kaina nake karewa ba.

Bari in gaya maka yadda kol, wato kwanan aiki a asibiti, yake a sashen haihuwa. Ka shigo da safe ka duba masu awo, ka zagaya ɗakin kwanciya, ka shiga tiyata. La'asar ta yi, sauran ma'aikata su tafi gida, kai kuma a lokacin kwananka zai fara. Duk wadda aka kawo cikin dare taka ce. Gari ya waye ba za a ce je ka huta ba, layin safe yana jiranka. Idan ƙarshen mako ne kuma babu mai karɓarka, wanda ya shiga Juma'a sai Litinin zai ga ƙofar gidansa. Ɗakin da ake cewa na hutun likita, katifa ce da ta lotse da fankar da ba wuta.

Amma wallahi ba rashin barcin ne ya fi ci mana rai ba. A kawo maka yarinya ƙarfe biyu na dare tana jijjiga, haƙora sun datse, ka san allurar da za ta tsayar da abin, allura ce mai araha, amma babu ita a ɗakin. Ka yagi takarda ka rubuta, mijinta ya hau babur yana neman kemis ɗin da bai rufe ba. Ko mai zubar jini bayan haihuwa, ana neman leda biyu, ma'ajiyar jinin babu ko ɗaya, 'yan'uwan da suka rako ta kuma an gwada nasu bai dace ba. Ko ana tsakiyar ciro jariri wuta ta ɗauke, janareta ba mai, nas ta haska maka da fitilar waya ka ƙarasa ɗinki. Idan aka dace, alhamdu lillahi. Idan ba a dace ba, kai ne za ka fita ka kalli idon uwarta ka gaya mata. Kuma kai za a zaga, don kai aka gani. Wanda ya ƙi sayen dizal ɗin yana gida yana barci.

Malamin firamare da ka ambata, Allah ya saka masa, amma da akwai ƙasar da ke turo wakilai suna neman sa da albashi ninki goma, da ka ga yadda azuzuwa za su zama.

Uwar_Biyu:
Likita, Allah ya biya ki. Amma ku ma ku riƙa faɗa wa junanku gaskiya. Na taɓa kai ɗana yana amai da gudawa, tun bayan asuba na karɓi kati, likitan bai shigo ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Da layi ya zo kaina ko ɗago kai bai yi ba, ina bayani yana rubutu. Da na ce ban gane yadda za a ba da maganin ba sai ya daka mini tsawa a gaban mutane. Da yamma maƙwabciyata ta ce ai shi ne yake zama a wani asibitin kuɗi a unguwarmu, kuma a can har wasa yake yi da yara. To wannan fa, shi ma gwamnati ce?

Abu_Muhsin:
Hajiya ta faɗi abin da ke ran mutane da yawa. Akwai masu karɓar albashin gwamnati amma zuciyarsu na asibitinsu na kansu, har tura marasa lafiya can suke yi.

Likitar_Mata:
Hajiya Uwar Biyu, ba ni da abin da zan kare shi da shi. Tsawa ga uwar da ta riƙo ɗa marar lafiya zalunci ne, ko kwana nawa mutum ya yi bai runtsa ba. Ki yi haƙuri. Masu karkatar da marasa lafiya zuwa asibitinsu kuma akwai su, mun san su, suna zubar mana da mutunci. Abin da kawai zan ƙara shi ne, likitan da ke gaban mutum ɗari a wuni ba zai iya ba kowa minti goma ba ko da waliyyi ne. Kuma yawancin ƙananan likitocin da kike gani a asibitin kuɗi da yamma ba nasu ba ne, ƙwadago suke yi na awa-awa don albashin ba ya kai su ƙarshen wata.

Tsohon_Akawu:
Ni na yi aiki a ofishin mulki na wani asibitin tarayya har na yi ritaya, bari in kawo abin da ba a cika faɗa ba. Ana ta cewa babu likitoci, alhali akwai lokacin da likitoci ke yawo da takardunsu suna neman aiki ba a ɗauka. Idan likita ya ajiye aiki yau, shugaban asibiti ba shi da ikon ya kira wani gobe ya maye gurbinsa. Sai ya rubuta Abuja neman izini, a zamaninmu takarda ta bi ta ofishin shugaban ma'aikata, ta bi ta ofishin kasafi, ta bi ta hukumar raba daidai. Kafin izinin mutum goma ya fito, ashirin sun ƙara tafiya. Shi ya sa cikin buƙatun NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, kullum za ka ji suna cewa a ba asibitoci dama duk wanda ya tafi a maye gurbinsa nan take, ɗaya a madadin ɗaya. Wanda aka ɗauka kuma yana iya yin watanni bai ga albashi ba, ana cewa sunansa bai hau IPPIS ba, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya.

Haka yaran da suka gama makaranta. Dole ne su yi shekara guda ta horon farko a asibiti kafin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, ta ba su cikakkiyar rajista, to samun gurbin wannan horon kansa ya sha zama wahala, wasu su zauna a gida wata da watanni. Baban Sadiq, ka ce a tsare su shekara biyar. Ina tambaya: a tsare su a ina? Wa ya yi alƙawarin ɗaukar su duka aiki, ya kuma biya su?

Sannan kada mu manta, a garin Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi, gwamnatin tarayya yawanci a kusa da kashi 5 take yawo.

Bakatsine77:
Baba Akawu, wannan na izinin ɗaukar aiki yau na fara jin sa. To ai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce likita ɗaya ga mutum 600 ya kamata, mu kuwa ina muka kama?

Dalibin_Shika:
Yaya Bakatsine, wannan ɗaya ga 600 ɗin ya yaɗu a jaridu, amma ma'aunin da hukumar ta fitar a 2016 shi ne a samu likitoci da nas-nas da ungozomomi, a haɗe, aƙalla 4.45 ga kowane mutum dubu. Ko da wanne aka auna mu dai muna can ƙasa. Idan ka raba dubu 55 ga mutum sama da miliyan 200, likita ɗaya yana kusan mutum dubu huɗu, kuma wannan lissafin ya haɗa da Legas. Ka cire manyan birane ka duba ƙaramar hukumarku.

Hukumar tana da jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023 waɗanda ta ce kada a riƙa zuwa ana zawarcin ma'aikatan lafiyarsu, Nijeriya na ciki, Nijar ma haka. Ingila ta sa mu a jerin da ta hana kamfanoninta zuwa ɗiba. Sai dai hanin bai shafi wanda ya nemi aikin da kansa ba. Ka ci jarrabawar Turanci, ka ci PLAB, jarrabawar samun izinin aikin likita a Ingila, ka tura takardunka ta intanet, ba wanda zai tare ka.

Mai_Goro_Fagge:
Ku tuna fa a 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya fito a talabijin ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Idan mai riƙe da ragamar yana ganin haka, yaro ɗan shekara 27 za ka ɗora wa laifi?

Dr_CiRani:
Ni ne irin wanda ake magana a kai, don haka bari in yi magana. Ina aiki a wani gari a kudancin Saudiyya. Ban taso da burin fita ba. Mahaifina manomi ne, ƙannena suna makaranta, duk dangi da zarar an ce ga likita to an ɗauka an warke. Kuɗin maganin hawan jinin Inna, kuɗin makarantar yara, buhun masara idan damina ta yi gardama, duk a kaina. Ga jarrabawar ƙwarewa, kowane mataki da kuɗinsa, kuɗin tallafin horon da doka ta tanada kuma sai an yi yajin aiki kafin ya fito. Alawus ɗin haɗarin aiki naira dubu biyar ne a wata, shekara da shekaru, har zuwa ƙarshen 2021 da aka ƙara. Dubu biyar, ga wanda ke sa hannu cikin jinin mai ciwon hanta da mai ƙanjamau kullum. A watan Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano, sun ɗauka ne a wurin aiki. Duk wanda ke asibiti a lokacin ya zauna ya yi lissafin abin da zai bar wa 'ya'yansa idan shi ne.

Da aka saki naira a 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin shekara guda, abokaina da suka rage suka ga albashinsu ya narke a hannunsu. Wasu da suka rantse ba za su fita ba su ne suka riƙa kira na suna tambayar yadda ake jarrabawar nan.

Ba zan ce muku nan aljanna ba ce. Baƙo baƙo ne, kwantaragi ne, ranar da aka ga dama a ƙi sabuntawa. 'Ya'yana suna tashi Hausarsu na karyewa. Rasuwa ta faru a gida sai dai ka yi ta'aziyya ta waya. Amma idan na rubuta gwaji ana yi a ranar, idan na ce a sa wa mutum iskar oksijin akwai ta a jikin bango, kuma idan na gama awannina wani zai karɓe ni. Baban Sadiq, wallahi akwai daren da nake tuna marasa lafiyar da na bari in kasa barci. Ban ce ba ni da hakkin kowa a kaina ba.

Gwaggo_Zariya:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya dawo da kai lafiya. Wanda ya riƙe iyayensa bai yi laifi ba. Amma idan ka tara abin da ka tara ka dawo, mu ma iyayenka ne.

Abu_Muhsin:
Likita, ai a 2021 muna gani a labarai, ana tsakiyar yajin aikinku, likitoci suka yi dafifi a otal ɗin Sheraton na Abuja wurin masu ɗaukar aiki na Saudiyya. Asibitoci a rufe, talakawa na mutuwa, ku kuna layin biza. Wannan yajin ya fara a farkon Agusta bai ƙare ba sai Oktoba. Wata biyu! Ɗan minista ba ya kwanciya a asibitin gwamnati, to wa kuka hukunta? Maƙwabcina mai ciwon ƙoda a wannan tsakanin ya rasu. Kwana ya ƙare, na sani, amma sababi ma abin dubawa ne.

Likitar_Mata:
Malam Abu Muhsin, Allah ya jiƙan maƙwabcinka, ya sa ya huta. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yi mini nauyi, kuma a cikinmu ma ana jayayya a kanta duk lokacin da za a kaɗa ƙuri'ar shiga yaji. Gaskiyarka ne, talaka ne ke ɗanɗanawa. Amma ka je ka duba yadda kowane yaji yake farawa. A zauna, a sa hannu a yarjejeniya, a ba gwamnati wa'adi, wa'adi ya wuce, a ƙara wani, a yi na gargaɗi na 'yan kwanaki, shiru. Ba a kiran mu teburi sai ranar da aka ga ɗakunan kwanciya sun zama wayam. Idan akwai wata hanyar da ke sa su saurara ba tare da an rufe ƙofa ba, don Allah a nuna mana, ni ce ta farko da zan bi ta.

Malamar_Awo:
Tun ɗazu ake ta likita, likita. Ku zo ƙauye ku ga wa ke riƙe da mutane. Ni ungozoma ce a ƙaramin asibitin mazaɓa, mu uku ne: ni, da malamin lafiya guda, da mai shara da muka koya wa gwajin zazzaɓin cizon sauro don hannu bai isa ba. Likita ba ya zuwa nan, bai taɓa zuwa ba. Ranar awo mata tun daga ƙauyukan kewaye suke cika rumfar, wasu a ƙasa kan tabarma. Ni ce awo, ni ce rigakafi, ni ce karɓar haihuwa, ni ce cike rajistoci kala-kala da kowace ƙungiya ta kawo nata. Cikin dare a buga mini ƙofar gida, in ɗauki tocila in fita. Ruwan da za mu wanke ɗakin haihuwa mijin mai naƙuda ne ke ɗebowa a jarka.

Tun 2014 gwamnati ta fito da tsarin sauke wasu ayyuka ga na ƙasa, aka horar da malaman lafiya su yi abin da a da sai ungozoma, mu kuma mu yi wasu da a da sai likita. Tsarin ya ceci rayuka, ban musa ba. Amma an ƙara mana kaya ba a ƙara mana ko sisi ba. Kuma akwai inda iyawata ta tsaya. Idan jariri ya zo a gicciye ko mahaifa ta riga shi, tiyata ce, sai an tafi babban asibiti, a kan hanyar da mota ba ta shiga da damina. In an isa kuma a tarar likitan ɗaya tilo, irin wanda Bakatsine ya faɗa, yana kan wata tiyatar.

Mu ma nas-nas suna ficewa, sun ma fi likitoci yawa. A 2024 hukumarmu ta nas-nas da ungozomomi ta fito da ƙa'idar cewa sai ka yi shekara biyu da gama makaranta kana aiki kafin a tantance maka takardun fita. Irin shawarar Baban Sadiq ke nan. Zanga-zanga aka yi a Abuja da Legas.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya. Ina karanta ku ina jin kamar labarinmu kuke ba da. A nan Nijar, in ka bar Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, wanda mutanen ƙauye ke kira lokotoro galibi majo ne, wato babban nas mai riƙe da gidan likita na karkara. Yara suna gama karatun likita a jami'ar Abdou Moumouni su daɗe ba a ɗauke su aikin gwamnati na dindindin ba, masu ƙwarewa kuma da yawa in sun je ƙaro karatu waje sai su zauna can. Ku kuna kallon Ingila, namu suna kallon Faransa.

Abin da zai ba ku mamaki, mu muna tsallakawa Katsina da Kano neman manyan likitoci, ku kuma matanku na bakin iyaka suna kawo yara masu tamowa wajen Madarunfa da Ɗan Isa, wasu har asibitin Galmi suke zuwa tiyata. Kowa na ganin na maƙwabci ya fi nasa.

Bakatsine77:
Gaskiya ne Ɗan Maraɗi, mutanen Jibiya sun san wannan hanyar sarai.

Na_Birnin_Gwari:
Akwai abin da ba a taɓo ba, tsaro. Ko albashin miliyan nawa za ka ba likita, ta yaya za ka ce ya kwana a asibitin da 'yan bindiga suka san ƙofarsa? Su ma suna neman mai yi musu ɗinki da cire harsashi, ma'aikacin lafiya ya zama abin farauta. A cikin garin Kaduna fa, a gidajen ma'aikatan Asibitin Ido na Ƙasa, aka shiga aka ɗauke likita a ƙarshen Disambar 2023. Sai da ta yi kusan wata goma a hannunsu, har NARD ta yi yajin gargaɗi na mako guda a Agustan 2024 a kanta. Idan haka ta faru a Kaduna, wa zai karɓi takardar tura shi ƙauyen Zamfara ko yammacin Katsina? A wajenmu asibitoci nawa ne aka rufe, ciyawa ta cinye su? Ba Ingila ce ta ɗauke waɗannan ma'aikatan ba.

Baban_Sadiq:
Na karanta duka, na kuma ƙaru, musamman da bayanin Baba Akawu da na Malamar Awo. Amma har yanzu ina kan bakata a wuri guda. Ku bar maganar wanda ubansa ya biya masa. Jihohinmu sun kwashi yara sun kai Sudan da Masar da wasu ƙasashe karatun likita da kuɗin jiha, wasu kuma tun suna aji huɗu a nan gida aka sa su a albashi. Sun sa hannu cewa za su dawo su yi wa jiha aiki. Wanda ya karɓi wannan ya tsallake tun wa'adinsa bai cika ba, me sunan abin da ya yi? Alƙawari ai kaya ne.

Dr_CiRani:
A nan ba mu da saɓani, Malam. Wanda ya ci kuɗin jiha bisa sharaɗi, ya cika sharaɗin ko ya biya, wannan amana ce. Ni sai da na gama nawa wa'adin na fita. Abin da na ƙi shi ne a riƙe lasisin kowa da kowa. Likitan da ba shi da cikakken lasisi shekara biyar, an ɗaure shi ke nan a hannun duk wanda ya ga dama ya biya shi ko ya ƙi.

Tsohon_Akawu:
Ƙarin bayani kan wannan. Yawancin waɗanda ke barin aikin jiha ba jirgi suke hawa ba, titi kawai suke tsallakawa. Su bar babban asibitin jiha su koma asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke gari ɗaya, don tarayya na biyan cikakken tsarin albashin likitoci da ake kira CONMESS, jihohi da yawa kuwa wani kaso suke biya, ko su tsaya a tsohon tsari. Ga kuma damar horon ƙwarewa, wadda babu ita a asibitin ƙaramar hukuma. Yaro yana ganin sa'o'insa sun zama manyan likitoci shi yana nan inda yake. Matakala ce: daga ƙauye zuwa babban birnin jiha, daga jiha zuwa tarayya, daga tarayya zuwa waje. Gwamnan da ya daidaita albashinsa da na tarayya, ya gina gidan likita mai ruwa da wuta a cikin asibiti, ya ce duk wanda ya yi shekara biyu a karkara jiha za ta ɗauki nauyin ƙwarewarsa, zai riƙe mutane fiye da mai kai su kotu.

Dalibin_Shika:
Mu da ke makaranta abin da ke damun mu daban ne. An ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka, ana ta buɗe sababbin tsangayoyin likitanci, kuma a Agustan 2024 gwamnati ta amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. To amma likita ba a allo ake yin sa ba, a gefen gadon marar lafiya ake yin sa. Manyan da za su koya mana su ne ke tafiya. Mu taru mu fi ashirin a kan gado ɗaya, na baya ko abin da ake nunawa ba ya gani, marar lafiyar ma ya gaji da mu. Ga 'yan'uwanmu da yaƙin Sudan ya koro a 2023, an sha fama kafin a sama wa wasunsu gurbi. Kuma zan faɗi gaskiya, a ajinmu tun yanzu akwai masu karatun jarrabawar waje a gefe.

Uwar_Biyu:
Kai kuma fa, ɗana? Tsayawa za ka yi ko tafiya?

Dalibin_Shika:
Mama, ina so in tsaya. Garinmu babu likitan yara ko ɗaya, shi nake so in zama. Amma ina kallon yayyenmu da ke horon farko, suna fitowa daga kol idanu jajur, suna bin bashin albashi. A 2023 wata 'yar'uwarsu a Legas na'urar hawa bene ta gidan kwanan likitoci ta faɗo da ita ta rasu, na'urar da aka daɗe ana ƙorafi a kanta. Ki sa mu a addu'a.

Malamar_Awo:
Allah ya tsayar da kai, ya kawo mana irinka. Baba Akawu, wancan tsarin na shekara biyu a karkara da ka faɗa, don Allah a sa da mu a ciki. Ungozomar da aka ajiye a ƙauye ita ma tana son ƙarin karatu.

Bakatsine77:
To ni tambayata ga Baba Akawu: likitan da jiha ta ɗauki nauyinsa, ya koma asibitin tarayya a cikin jihar, mutanen jihar yake dubawa har yanzu. Shi ma ya karya alƙawari ke nan, ko kuwa? Don na ga ana haɗa su wuri guda da wanda ya tafi Saudiyya.

Tsohon_Akawu:
A takarda ya karya, don da ma'aikatar lafiya ta jiha ya yi yarjejeniya. Wasu jihohin sukan riƙe masa takardar sallama, tarayya kuma ba ta kammala ɗaukar sa sai da ita. Abin da ya fi dacewa shi ne jiha ta zauna da asibitin tarayyar a yi musaya: ku riƙe shi ya yi ƙwarewarsa, amma duk wata ya riƙa zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma yana duba marasa lafiya da yin tiyata. Baban Sadiq, kai da ka kawo maganar, wannan zai gamsar da kai ko sai an dawo da shi dungurungum?

Baban_Sadiq:
Zuwan wata-wata ya fi babu, Baba. Amma mai naƙudar da Malamar Awo za ta turo ranar Talata cikin dare, alhali shi sai Asabar ta ƙarshen wata zai zo, wa zai karɓe ta? Likitar Mata, ke da kika san aikin, mutum nawa ne mafi ƙaranci da za su iya riƙe babban asibiti guda ba tare da an kashe su da kol ba?

Likitar_Mata:
Ya danganta da yawan gadaje da yawan haihuwa. Amma ƙasa da huɗu ba za a samu juyi mai ma'ana ba, don dole wani ya yi hutu, wani ya yi rashin lafiya, wani ya tafi jarrabawa. Kuma ko huɗun ne, sai da mai sa barci a tiyata, da nas ɗin tiyata, da mai kula da jini a ɗakin gwaji wanda ke kwana a asibitin. Yanzu aka kira ni ɗakin haihuwa, in na fito zan ƙarasa bayanin mai sa barcin, don ƙarancinsu ya fi namu tsanani.